Yadda na ƙara wa tsohuwar Beetle geji huɗu ba tare da huda dashbod ba

Motata Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972 mai injin 1600, kuma abin da masu ƙera ta suka ba direba ya kalla bai taka kara ya karya ba. Agogon gudu ne guda, gejin fetur a cikinsa, sai 'yan fitilu, biyu daga ciki ne kawai suka shafi lafiyar inji: ta baƙin mai da ta caji. Injin ba shi da lagireto, iskar fanka ce ke sanyaya shi tare da baƙin man da bai wuce lita 2.5 ba, don haka gejin zafi ma babu. Ita kuma fitilar mai ba ta kamawa sai ƙarfin man ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), wato sai ɓarna ta riga ta kankama. Wannan ne ya daɗe yana damuna a doguwar tafiya, ina tuƙi ina kasa kunne da hanci ko zan ji wani baƙon sauti ko ƙauri daga baya. Da na yanke shawarar ƙara geji, na ɗauka aikin yini guda ne. Abin da ya ci lokaci bai shafi gejin kansu ba, ƙananan abubuwan da babu wanda ya gaya mini ne, shi ya sa nake rubuta su bi da bi.

Na fara da zuwa wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan irin waɗannan motoci, na karanta masa jerin abin da nake so, har da gejin zagayen inji da amita, wato gejin da ke nuna yawan wutar da ke shiga batir ko fita. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, jirgin sama za ka mayar da ita?" Na ce, "A'a Baba, so nake in san halin da injin yake ciki." Sai ya soke amita nan take. Dalilinsa shi ne amita tana buƙatar duk wutar cajin ta ratsa ta cikinta, ke nan sai an ja kakkaurar waya daga baya, inda batir da dainamo suke, zuwa gaba a sake dawo da ita, alhali tankin fetur yana can gaba dab da bayan dashbod. Gejin bolt kuwa siririyar waya yake so, kuma zai gaya maka abin da kake nema: batir mai lafiya yana kusan bolt 12.6 in mota na kashe, in tana caji ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Gejin zagayen inji ya ce ado ne ga mai kunne, in bari sai gaba. Muka tsaya a kan huɗu: ƙarfin mai, zafin mai, zafin kan silinda, da bolt. Ya kuma hana ni gejin mai irin wanda siririn tiyo ke kawo ainihin man har bayan allura. A motar da injinta ke baya, tiyon zai ratsa tsawon motar gaba ɗaya, ranar da ya tsage kuma zafaffen mai ne zai malale ƙarƙashin kafet yayin da injin ke bushewa.

Daga nan sai neman kaya. Na zaɓi masu faɗin milimita 52, baƙar fuska da farin rubutu, don su yi kama da agogon asali wanda kamfanin VDO ya ƙera. Wanda na yi oda a wurinsa ya turo gejin da wuri, amma sensa, wato abin da ake ɗaurawa a jikin inji ya aiko wa geji labari, ya ce sai ya nemo. Jiran ya kai makonni. A nan na gane cewa kuɗin da aka rubuta a jikin geji rabin zance ne. Kowane geji da sensansa daban, ga waya, ga fiyus, ga robobin rami, ga tiyo da mahaɗa, ga ƙarfen da za a jera su, ga ladan masu aiki. Da na haɗa lissafi, tarkacen sun kusa kamo kuɗin gejin kansu. A cikin jiran na samo taswirar wayoyin motar ta ainihin shekararta, na buga ta a babbar takarda. Wannan takardar ita ce ta fi komai amfani a duk aikin, domin Jamusawa lamba suke ba kowace mahaɗa: 30 wutar da ba ta ɗaukewa, 15 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 31 at, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfen mota, 58 kuma ƙananan fitilu. Launin waya ma haka, ja na 30, baƙi na 15, ruwan ƙasa na at. A mota mai shekara hamsin da hannaye da yawa suka taɓa ba a dogara da launi kaɗai, amma aƙalla ka san yadda ya kamata abin ya kasance.

Da sensa suka iso, Baba ya ce kada in kawo motar tukuna, in kawo kwalayen. Ya ɗauki sensan ƙarfin mai ya juya shi a haske, ya nuna mini rubutun da aka buga a jikin ƙarfensa, ƙanana ƙwarai: 0 zuwa 10 bar. Gejina kuwa 0 zuwa 5 ne. Mai kayan ya haɗo ni da wanda ba nasa ba, kuma a ido babu bambanci ko kaɗan. Da mun ɗaura shi haka, geji zai yi aiki, allura za ta motsa, sai dai duk abin da ta nuna rabin gaskiya ne: injin na da bar 3 ita tana cewa 1.5. Mutum sai ya sauke lafiyayyen inji saboda wannan. Aka mayar, aka sake jira. Haka abin yake ga na zafi, gejin da ya tsaya a digiri 120 da wanda ya kai 150 kowanne da sensansa, kuma sensan kamfanonin Amurka ba ya karantuwa a gejin Turai ko da lambobin fuskarsu ɗaya ne. 'Yar takardar da ke cikin kwali, wadda yawancinmu ke jefarwa, ita ke ɗauke da wannan bayanin.

Sai maganar tiredi, wato haƙoran da ake murɗa noti ko sensa a kansu, wadda ta fi ba ni tsoro. Ramin da sensan fitilar mai yake, a gefen hagu na injin ƙarƙashin distiributa, tiredinsa M10x1 ne. Akwai wani tiredin na Amurka, 1/8 NPT, wanda ya yi kama da shi har zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya kafin ya cije. Jikin injin Beetle gamin magnesiyam ne, ba shi da taurin ƙarfe, in ka matsa da sifana ko dai tiredin ya tafi ko wurin ya tsage, gyaransa kuma sai an sauke inji. Baba da yatsu kawai ya gwada, bai ɗauki sifana ba sai da ya tabbatar. Sabon sensan yana da baki biyu, G na geji da WK na fitila, don haka ana iya cire na asali a sa shi kaɗai. Ba mu yi haka ba saboda dalili biyu. Na farko yana da nauyi, in ya rataya kai tsaye a jikin injin da ke girgiza yana wahalar da tiredin. Na biyu, bakin WK ɗin nawa yana kunna fitila tun ƙarfin mai bai sauka inda na asali ke kunnawa ba, sai ka ga fitila na ƙyaftawa a sulo in inji ya yi zafi alhali ba komai. Muka sa mahaɗa mai baki biyu, sensan asali ya zauna a wurinsa da fitilarsa, sabon kuma aka kai shi gefe da gajeren tiyon da ke jure mai da zafi, aka ɗaure shi da ƙarfe, aka ja masa wayar at tasa tunda tiyon roba ya raba shi da jikin inji. Na ga yaron shagon ya ɗauko farin tef na masu famfo zai naɗa a tiredi, Baba ya buge masa hannu. Sensa mai waya ɗaya ta tiredinsa yake samun at, tef ɗin yana iya katse shi, ɓarɓashinsa kuma ya bi mai ya shiga inda ba a so.

Sensan zafin mai bai ba da wahala ba. Mun haɗa shi da juyen mai, aka cire notin da ke tsakiyar faifan ƙasan injin aka sa wanda ke da sensa a ciki, tiredi M14x1.5, da sabuwar washa ta tagulla. Illarsa biyu, kuma an gaya mini tun kafin a sa: yana ƙasa inda dutse ko tudu zai iya fizge wayar, kuma iskar da ke wucewa ƙarƙashin mota tana sa ya nuna ƙasa da gaskiya kaɗan. Kafin a ɗaura shi mun gwada shi a kan benci. Aka haɗa shi da geji da batir, aka tsoma bakinsa cikin ruwan da ke tafasa, muka zuba wa allura ido tana hawa a hankali har ta tsaya gab da 100. Gwajin bai ci minti goma ba, amma shi ya sa na yarda da gejin daga baya.

Na kan silinda shi ne mai laulayi. Wani siririn zobe ne da ake sa wa ƙarƙashin fulogi, da waya ta musamman a jikinsa. An saba sa shi a silinda ta 3, wadda ke gefen hagu ta wajen gaban mota, domin a tsofaffin injinan na'urar sanyaya mai tana cikin rumfar fanka tana tare mata iska, sai ta fi sauran zafi. Daga 1971 an fitar da na'urar gefe, amma masu aikin ba su canza wuri ba, mu ma can muka sa. Baba ya ƙi taɓa fulogin sai da motar ta kwana ta huce sarai, saboda kan silindar alminiyam ne, kwance fulogi da zafi na iya fitowa da tiredi. Wurin matsattse ne, hannu ɗaya ke shiga. Ya lanƙwasa wuyan zoben ya bi jikin fulogi, ya murɗa da yatsu yana riƙe da wayar don kada zoben ya juya tare da fulogin ya tsinke, sai a zagayen ƙarshe ya sa sifana. Bayan nan ya mayar da robar da ke toshe ramin fulogi a jikin rumfar, ya danna ta da babban yatsa ko'ina. Ya ce in ta zauna a karkace, iskar da ya kamata ta sanyaya silindar ta nan za ta tsere, ka sa geji don ka ga zafi kai kuma ka ƙara zafin. Ita wayar zoben ba a yanke ta, ba a yi mata ƙari da kowace irin waya sai yadda takardarta ta ce. Irin wannan sensa bambancin zafi yake aunawa tsakanin zoben da inda wayarsa ta ƙare, don haka mahaɗar ba ta son zama kusa da salansa ko wani wuri mai zafi, in ba haka ba geji ya riƙa rage maka lamba.

Jan waya na kai wa mai wayarin, matashi ne mai haƙuri. Abu na farko ya ɗaga kujerar baya ya cire kan batir na nagetif. Da ya ga batirin babu murfi a kan fozitif sai ya ce, "Maigida, wannan fa in mai nauyi ya zauna, sifirin ɗin kujera zai iya taɓa shi." Ban taɓa lura ba, kuma sanannen sanadin gobara ne a waɗannan motoci. Muka rufe shi kafin komai. Ya haɗa wayoyin sensa wuri guda cikin rigar roba, ya ƙara guda biyu da ba a haɗa da komai ba saboda gaba, ya bi da su gefen hagu ƙarƙashin kafet har gaba. Duk inda suka ratsa ƙarfe sai da ya sa robar rami. Daɗin Beetle shi ne bayan dashbod a cikin but ɗin gaba yake, ka buɗe ka cire kwalin da ya rufe shi, komai na gabanka kana tsaye, ba sai ka kwanta ƙarƙashin sitiyari ba. Wuta ya ɗauko daga layin 15 a akwatin fiyus, ya sa mata ƙaramin fiyus nata. Hasken gejin ya haɗa da wayar ƙwan agogon gudu don su kama tare. At ɗin duka huɗun ya tara a noti ɗaya, bayan ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes.

Dashbod ɗin kuwa na ƙi a huda. Mai wayarin ya nuna mini inda rami zai yi kyau kusa da rediyo, kuma gaskiyarsa, zai yi kyau. Amma dashbod ɗin Beetle ƙarfe ne haɗe da jikin motar, ramin milimita 52 in ya shiga ya shiga ke nan sai walda da fenti. Na ga motoci da yawa da wani mai su na da ya huda don gejin da yanzu babu shi, aka bar rami an toshe da roba. Ni a ganina wanda ya riƙe tsohuwar mota amana ce a hannunsa, abin da zai ƙara ya zama wanda za a iya kwancewa. Muka yi ƙarfe mai rami huɗu, aka fesa masa baƙin fenti, aka rataye shi ƙarƙashin dashbod da ƙananan kusoshi a leɓen da ba a gani, an ɗan karkato shi wajen direba. Sai da na zauna na gwada shiga giya da ɗaga gwiwa kafin a ɗaure. Na sa na kan silinda da na ƙarfin mai kusa da ni, na bolt can ƙarshe.

Ranar da aka tayar, gabana na faɗuwa, don yanzu ne zan ji abin da injin ya daɗe yana ɓoyewa. Allurar mai ta tashi sama da sanyin safiya, ta riƙa sauka yayin da man ke ɗumama, wanda haka ya kamata. Littafin gyaran motar ya ce a zagaye 2500 a minti, da mai mai kaurin SAE 30 yana digiri 70, kada ƙarfin ya gaza bar 2. Baba ya ɗaura nasa gejin na gwaji a ramin ya kwatanta da nawa, suka yi kusa da juna, duka sama da iyakar. Na yi ajiyar zuciya. Murnar ba ta kai dare ba. Da magariba ina kunna fitilun gaba sai allurar zafin mai ta yi tsalle sama, in na kashe ta dawo. Mai ba ya zafi cikin daƙiƙa ɗaya, don haka na san wuta ce, amma ban san ina ba. Mai wayarin ya bi aikinsa kaf bai ga aibu ba. Sai ya sa mita tsakanin jikin inji da jikin mota, fitilu na kunne, ya ga akwai 'yar wuta a tsakani inda bai kamata a ga komai ba. Ya shiga ƙarƙashi ya fito da wata saƙaƙƙiyar wayar tagulla da ke haɗa giyabos da jikin mota, ta yi kore, rabin zarenta ya tsittsinke. Sensa na auna kansa da jikin inji, geji na auna kansa da jikin mota, in su biyun ba su haɗu sosai ba allura sai ta yi ta shirme. Aka sa sabuwa, aka goge mazauninta, allura ta natsu. Har sitata ta ƙara kuzari, abin da na daɗe ina ɗora wa batir.

Makonnin farko sun fi wahalar tuƙi fiye da lokacin da babu gejin, don ido ba ya barinsu, kowane motsi sai gaba ya faɗi. Abin da ya warkar da ni shi ne rubutu. Na ajiye ƙaramin littafi, duk tafiya in rubuta abin da kowanne ya nuna a sulo, a gudu na yau da kullum, da kan tudu. A hankali na san halin kowanne. Zafin kan silinda kamar mai saurin fushi ne, yanzu ya hau yanzu ya sauka, yana bin ƙafarka a kan totur. Zafin mai sai an yi tafiya mai ɗan nisa yake kaiwa inda zai tsaya, tsakanin 80 da 100 wuri ne mai kyau, in ya doshi 120 a sassauta. Na kuma zura ma'aunin zafi mai dogon baki ta ramin sandar duba mai bayan doguwar tafiya, na ga gejina na rage 'yan digiri kamar yadda aka faɗa, na rubuta bambancin a bangon littafin. Kan silinda a tafiyar lafiya yana zama tsakanin 150 da 175, kuma 200 iyaka ce da ba a son wucewa. Shi ne ya canza mini tuƙi. Da ina hawa tudu a giya ta huɗu ina danne totur, ina ganin ina tausaya wa injin tunda ba ya ƙara. Geji ya nuna akasin haka: fankar da fanbel take juyawa, in zagayen inji ya ragu iska ta ragu, ga kaya ya ƙaru. In na koma ta uku, ƙara ta ƙaru amma allura ta fara sauka.

Ga wanda zai yi irin wannan aikin, da zan sake shi, geji da sensa zan saya tare a kwali ɗaya, in karanta rubutun jikin sensa kafin in biya. Zan duba wayar at ta giyabos tun kafin a ja waya ko ɗaya. Fitilar mai ta asali kuma ba zan taɓa ta ba, domin a cikin cunkoso ba ka kallon allura, amma haske in ya kama ido zai gani. Haka fitilar caji: a Beetle in ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take ka duba fanbel, don shi ke juya dainamo da fanka gaba ɗaya, gejin bolt bai maye gurbin wannan ba.

Littafin nan ne ya kama matsala ta gaba. Bayan wani lokaci na ga zafin mai da na kan silinda duka sun ɗan ɗaga a hanyar da na saba bi, ba su kai haɗari ba amma sun fi abin da na rubuta a baya. Na kai wa Baba, ya karanta lambobin, bai ko tayar da motar ba ya buɗe murfin inji ya bi gefe da yatsa. Robar da ke zagaye injin, wadda ke raba saman ɗakin inji da ƙasansa, ta bushe ta ɓalle a kusurwar baya ta hagu, tsawon kamar tafin hannu. Zazzafar iskar da ta riga ta ratsa silinda da salansa tana dawowa sama ta wannan kafar, fanka na sake zuƙarta. Ya ce a samo sabuwar roba, kuma kafin ta zo in rage gudu, kada in ɗauki kaya masu nauyi.